Idan totur ya ɗauke, a tambayi kwamfutar motar kafin a canza famfon mai

Duk wanda ya saba bin hanyar Anka zuwa Gummi ya san ba ko'ina ake son mota ta yi gardama ba. A watan jiya muna komawa Gwashi da yayana a Corolla ɗinsa, da la'asar sakaliya, ya fito zai wuce wata tirela sai totur ya ɗauke. Inji na aiki, amma ya taka har ƙasa motar sai jan ƙafa take. Ya sauka gefen titi, ya kashe, ya sake tayarwa, ta tashi garau kamar ba ita ba. Tsayuwar ba ta kai minti ɗaya ba, amma a dajin nan, da halin da ake ciki, babu abin da kake ji a motar sai salati.

Washegari makaniki ya zagaya da ita, lafiya lau. Ya ce famfon mai ne, aka canza. Ya cire kan batir, fitilar gargaɗin inji ta mutu, kowa ya ji daɗi. Bayan mako guda ta sake yi. Ya ce to nozul ne. A nan na ce a dakata.

Aikina rubuta manhaja ne, kuma na san irin wannan ciwon, matsalar da ke zuwa ta tafi, ta ƙi fitowa idan kana kallo. Ba a gyara ta da canki-canka. Ana komawa ne ga bayanan da na'ura ta ajiye a lokacin da abin ya faru, kuma mota ma tana ajiyewa. Tun 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari, wanda ake kira OBD-II. Ka soka masa ƙaramar na'urar ELM327, ka haɗa da wayarka ta Bluetooth, ka buɗe manhaja kamar Torque ko Car Scanner, za ta ba ka lambar matsalar, har da gudun motar da zafin injin a daidai lokacin. Cire kan batir ɗin nan da ake yi don a kashe fitila, yana iya goge shaidar.

Tsohuwar Golf 3 da 'yan haya ke ji da ita waya ce ke jan totur ɗinta. Sababbin motoci kuwa babu wayar. Sensa biyu ne a jikin abin da kake takawa, suna aika wa kwamfutar motar saƙo. Idan maganarsu ta saɓa, kwamfutar ba ta yarda da ko ɗaya, sai ta rage ƙarfin injin da gangan don kada mota ta ƙwace. Lambar da muka samu ke nan, P2138. Soket ɗin sensar ne ya yi sako-sako, ƙura ta cika shi. Aka wanke, aka matse. Famfon da aka cire lafiyarsa ƙalau.

Ba na cewa na'urar ta fi makaniki. Man bumburutu mai ruwa ko datti, ko matatar mai da ta toshe, suna iya sa mota shaƙewa ba tare da wata lamba ta fito ba, kuma a nan kunnen wanda ya shekara ashirin a gareji ya fi wayata. Lambar ma hanya kawai take nunawa. Da mun bi ta ido rufe da mun sayi sabuwar sensa a banza. Abin da nake ƙi shi ne a fara da sayen kaya.

Yayana yanzu na'urar na cikin aljihun motarsa, kuma ya hana kowa taɓa kan batir kafin a karanta.