Ku Bar Wa Yara 'Yar Tsanarsu

Wasiƙar wannan karon ta faɗa ce, don haka Yaya da Gwaggo ku yi min haƙuri tun yanzu.

Wata ɗabi'a ta shigo gidajenmu wadda ba na jin daɗinta ko kaɗan. Yarinya 'yar shekara uku ta dawo daga nazare, maimakon a bar ta ta goya 'yar tsanarta, sai a ƙwace a miƙa mata fensir, wai ga malamin lesin nan tafe. A wurinmu wasa shiririta ne, karatu kuwa shi ne rera ABCD kamar aku. Wallahi mun juya abin.

Ku tsaya ku saurari yarinya tana wasan nan. Ta ɗauki kara ta naɗe shi da tsumma ta ce jaririya ce, ta tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani, ta lallashe ta, ta yi mata faɗa da muryar uwarta sak. Wannan fa ba ƙaramin aiki ba ne. Ta sa wani abu ya tsaya a madadin wani, kuma aikin da harafi da lamba ke yi ke nan. Masanin Rasha Lev Vygotsky ya yi bayanin haka a laccarsa ta 1933, da misalin yaron da ya hau sanda ya ce doki ne. Ya kuma lura cewa wasan yana da doka: wadda ta zama uwa ba ta isa ta jefar da jaririya ta tafi yawo ba, dole ta danne son ranta. Yarinyar da ba ta iya zama minti biyu a aji, a nan sai ta jure.

A 2020 masu bincike a Jami'ar Cardiff sun auna aikin ƙwaƙwalwar yara 33, 'yan shekara 4 zuwa 8. Sun ga ɓangaren da ke aiki wajen fahimtar tunanin wasu yana motsawa idan yaro na wasa da 'yar tsana ko da shi kaɗai ne, fiye da idan yana latsa wasan allon kwamfuta shi kaɗai. Maza da mata duk ɗaya. Kamfanin Mattel mai yin Barbie ne ya ba da kuɗin aikin, saboda haka ni ma na karanta shi da ido ɗaya a buɗe. Haka kuma Angeline Lillard da abokan aikinta sun tace binciken shekaru a 2013, suka ce hujjar cewa irin wannan wasa shi kaɗai ke haifar da ƙwazo ba ta yi ƙarfi ba. Na yarda. Ban ce 'yar tsana za ta mai da 'yarka likita ba. Amma mai ƙwacewa fa, ina tasa hujjar? A Finland sai yaro ya kai shekara 7 yake shiga firamare, kuma ba a ce 'ya'yansu sun dakushe ba.

Masu cewa gunki ne kuwa, su koma ga malamansu. Ya zo a Bukhari cewa Nana A'isha (RA) tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), kuma a Abu Dawud har doki mai fukafukai aka ambata cikin kayan wasanta. Ba a hana ta ba.

Abu guda dai nake roƙo ga masu aiko min saƙon tsaraba. Ku daina cewa sai mai farin fata da gashin doki. Tun shekarun 1940 Kenneth da Mamie Clark suka nuna wa yara baƙar fata a Amurka 'yan tsana, da yawansu suka zaɓi farar suka ce ita ce mai kyau, har aka kawo aikin a shari'ar makarantu ta 1954. Ta kara da tsumma ta fi, don ba ta da fuska, yarinya ce ke yi mata suna da hali.

Gwaggo, ke kika iya ɗinka su. Don Allah a tara ƙyallayen tela kafin na zo hutu. A gaida Inna da yara.