Kafin ka cire kafiretar jirginka

Maƙwabcina a Bantama yana da jirgin fito a Yeji. Ya ga injekta a Suame Magazine, wai zai cire kafireta ya sa ta don tsimin mai. Gaskiya ne, injekta na rage shan mai. Amma fa ba ta jure gurɓataccen mai, kuma sai da batir mai ƙarfi da kwamfuta. In kafireta ta toshe a tsakiyar Volta, direba zai kwance ta ya wanke. Injekta fa? Wa zai taɓa ta tsakanin Yeji da Makango, ga mata da yara maƙil a jirgi? Ni dai, muddin babu makanikinta a bakin ruwa, a bar kafireta. Rai ya fi galan.