Wa Aka Shirya Wa Wannan Jeri?

Duk wanda ya taɓa buga "make menuconfig" don ya harhaɗa kanel, wato zuciyar Linux, ya san wannan wahala. Zaɓi sama da 10,000, an jera su yadda masu rubuta manhajar suka adana fayilolinsu, ba yadda mai kwamfuta ke tunani ba. Shi sunan kwamfutarsa ya sani, kai kana tambayarsa sunan guntun da ke cikinta. Ya manta direban NVMe ko tsarin ext4, kwamfuta ta ƙi tashi.

Dubi Magic SysRq, maɓallin da ke ceton aikinka in na'ura ta daskare. Ina aka ajiye shi? Ƙarƙashin "Kernel hacking", ɗakin masu farautar kurakurai, inda baƙo ke tsoron leƙawa.

Abokan sana'ata za su ce Debian da Ubuntu sun ɗauke wa jama'a wannan nauyi. To, da haka ake koyo? Mu ma ta wannan ƙofa muka shigo.

A raba jerin biyu: na mai amfani a gaba, namu a baya. Mai shago ba ya jera kaya don daɗin kansa.