Takardun Toumour su riƙa kwana a wuri fiye da ɗaya

A daren Asabar 12 ga Disamban 2020, jajiberin zaɓen ƙananan hukumomi, mayaƙan Boko Haram suka afka wa Toumour, garin da ke kimanin kilomita 75 gabas da Diffa a Nijar. Sun kashe aƙalla mutum 27, suka ƙone gidaje tsakanin 800 da 1,000 haɗe da babbar kasuwa. A lokacin garin yana ɗauke da mutane sama da dubu 30 da rikici ya raba da muhallansu, mafi yawansu daga Najeriya. Duk wanda ya san gidan talaka ya san inda takardar haihuwa da katin rigakafi da shaidar makaranta suke kwana: cikin akwati, ƙarƙashin tufafi. Idan ɗaki ya ci wuta, da su yake tafiya.

Wanda takardarsa ta ƙone yana da mafita guda: ya je ofishin magajin gari a duba rijista a ba shi wata. Idan rijistar ma ta salwanta, sai kotu da shaidu da jeka-ka-dawo, kafin yaro ya samu damar zama jarrabawa ko magidanci ya karɓi katin ɗan ƙasa.

Yau ofisoshi da dama a jihar Diffa sun koma kwamfuta. Asibitoci, ƙungiyoyin agaji da makarantu suna tara bayanansu a na'ura guda, wadda ma'aikatan fannin ke kira sabar. Ci gaba ne, amma sabar ma tana da adireshi: tana zaune a ɗaki ɗaya, wuta na cinta, ruwa na lalata ta, ɓarawo na iya saɓa ta a kafaɗa. Kogin Komadugu da ke shayar da gonakin tattasai ya yi ambaliya a 2019 da 2022, ya shiga unguwanni da ƙauyuka. Saboda haka wajibi ne duk ofishin da ke riƙe da bayanan jama'a a wannan kwari ya saita na'urarsa ta riƙa aika kwafi da kanta, kowane dare, zuwa ma'ajiyar intanet da ke nesa, wadda ake kira girgije. Sai dai a yi shi bisa ƙa'ida, domin saitin da aka yi da gaggawa yana iya jawo asarar da ake gudu.

Nisa shi ne sharaɗi na farko. A Janairun 2012 gobara ta tashi a ma'aikatar shari'a a Yamai, ta cinye takardu masu ɗimbin yawa. A Mayun 1871 birnin Paris yana da kwafi biyu na rijistar haihuwa da aure da mutuwa, ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya a ginin kotu; duka biyun suka ƙone a tarzoma ɗaya, aka rasa takardu kusan miliyan 8. Girgijen ma bai tsira ba. A ranar 10 ga Maris 2021 wata cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a Strasbourg ta ƙone ƙurmus, kuma wasu abokan cinikin da suka biya kuɗin kwafin ko-ta-kwana sai daga baya suka gano cewa a harabar da ta ƙone aka ajiye musu shi. Makiyayin Toumour ya daɗe da sanin wannan, shi ya sa yake rarraba dabbobinsa a hannun dangi a wurare daban-daban, don kada annoba ɗaya ta share garken.

Masana sun taƙaita darasin a lissafin 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari. A ƙaramar hukuma kamar Toumour, na farko shi ne wanda ke kan sabar. Na biyu faifan ajiya ne da ake cirewa a kulle a wani gini. Na uku shi ne na girgije.

A kan na ukun ake yawan tuntuɓe. Mutane da yawa suna ɗora Google Drive ko Dropbox, su ga fayiloli suna hawa, su ɗauka an gama. Aikin irin wannan daidaitawa shi ne ta mai da can daidai da nan. Idan sakatare ya goge fayil bisa kuskure, can ma za a goge. Idan manhajar masu garkuwa da bayanai ta shiga ta dagula komai, dagulallen ne zai hau ya maye gurbin mai kyau. Kwandon sharar Google Drive kwana 30 kawai yake riƙe abin da aka goge, alhali kuskure a rijista yakan yi watanni ba a lura ba, sai ranar da mai takarda ya zo nema. Ko manhajar rclone, wadda masu kula da sabar ke yawan amfani da ita kuma kyauta ce, tana da umarni biyu masu kama da juna: sync yana share duk abin da babu shi a tushe, copy kuwa ba ya sharewa. Abin da ya dace shi ne manhaja irin restic ko Borg, mai ajiye hoton bayanan kowace rana daban, ta yadda za a iya komawa ga na jiya, na watan jiya ko na bara. A kuma kunna makullin da wasu ma'ajiyoyi ke bayarwa, wanda ke hana kowa goge kwafi kafin wa'adinsa ya cika, ko da mai ofishin ne.

Sai batun sirri, wanda a Diffa ya shafi rai. Jerin sunayen 'yan gudun hijira, ko na waɗanda suka tuba suka ajiye makami, bai kamata ya faɗa hannun kowa ba. A Janairun 2022 ƙungiyar agaji ta ICRC ta sanar cewa an yi kutse a sabar da ke ɗauke da bayanan mutane sama da 515,000, cikinsu har da waɗanda yaƙi ya raba da danginsu. Don haka a kulle bayanai da mabuɗin sirri tun suna cikin ofis, kafin su hau intanet. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta, kuma fitar da irin waɗannan bayanai zuwa ƙetare yana da sharuɗɗa. Kafin magajin gari ko daraktan asibiti ya sa hannu da wani kamfani, ya tambaya a wace ƙasa na'urorinsa suke.

Masu ja da wannan shawara za su ce ina wutar, ina intanet ɗin? Tambayar tana kan hanya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar na tsawon watanni, kuma a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhun sadarwa. Wannan ne dalilin da ya sa faifan da ke kusa ba ya rasa amfani. Amma lissafin bai kai yadda ake tsoro ba. Layin da ke tafiyar megabit ɗaya a daƙiƙa yana ɗaukar kusan megabait 450 a awa guda. Lodin farko ne mai nauyi, kuma ana iya kai faifan zuwa Diffa a yi shi inda layi ya fi ƙarfi. Daga nan abin da ya canza a yini kaɗai ke hawa, wanda a ƙaramin ofis bai wuce 'yan shafuka ba. Farantin sola da batir sun isa su riƙe na'urar, yanzu kuma Starlink ta samu izinin aiki a ƙasar.

Gwamnati tana da nata kason. Aikin shimfiɗa wayar intanet ta ƙetaren Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, ya haɗa da layin Diffa zuwa N'Guigmi har iyakar Chadi da kuma cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Ya kamata a ware wa kowace ƙaramar hukuma gurbi a wannan cibiya, a fara da na bakin iyaka irin su Toumour, Bosso da Gueskérou. Yamai tana da nisan fiye da kilomita 1,300 daga Diffa, kuma ita ma cibiyar a yi mata tagwai a wani gari kamar Damagaram ko Agadez.

Abin da ya rage na ƙananan hukumomi da masu ba da tallafi ne. Duk wanda zai ba ofis kwamfuta ya haɗa da kuɗin ajiya na shekaru, a rubuta shi cikin kasafi yadda ake rubuta kuɗin mai. Mabuɗin sirri ya kasance a hannun mutum biyu, da kwafinsa a rufaffen ambulan a Diffa, don kada canjin wurin aikin ma'aikaci ɗaya ya rufe ƙofa. Sannan duk bayan wata uku a zaɓi takardar haihuwa guda, a sauko da ita daga girgije a kan wata kwamfuta daban, a buga ta, magajin gari ya gwada ta da rijista ya sa hannu a kan rahoton gwajin.