Yi Wa Waya Shifta Ba Ya Ɗauke Maka Sanin Aya Da Waƙafi



Akwai wata magana da ta fara yawo a tsakaninmu, wai tunda yanzu waya tana jin Hausa, kana faɗa tana rubutawa, to zaman koyon ƙa'idojin rubutu ya zama ɓata lokaci. Wai ka danna makirfo, ka zuba labarinka, ka tura wa masu karatu. Wannan magana ba ta da tushe, kuma masu yaɗa ta cutar sababbin marubuta suke yi.

Gaskiya ne an samu ci gaba. A watan Oktoban 2024 kamfanin Google ya sanar da saka Hausa cikin harsunan Afirka da ya ƙara a tsarin rubutu da murya na Gboard. Mai ciwon hannu da mai raunin gani da uwar da hidimar yara ta hana ta zama, duk sun samu sauƙi. Ba na cikin masu cewa wanda ya yi wa na'ura shifta ba marubuci ba ne. Rigimata da wanda ya ɗauka na'urar za ta yi masa tunani ce.

Mu duba yadda abin yake aiki. A Google Docs, mai rubutu da Turanci idan yana son waƙafi sai ya furta "comma", idan yana son aya ya ce "period", idan zai buɗe sabon sakin layi ya ce "new paragraph". Haka zai iya umartar ta ta kaurara kalma ko ta karkata ta. Ka lura, shi ne yake yanke hukunci, ita kuwa bin umarni take yi. To wanda bai san inda waƙafi yake zama ba, me zai umarta? Ko a makaranta, malamin da ke ba da shifta shi ya san inda jimla ta ƙare.

Wani zai ce ai Microsoft Word yana da zaɓin saka alamomi da kansa. Haka ne, amma hasashe yake yi, bai san abin da ke ranka ba. Dubi wannan: "Ta ce ba ta so Audu ya zo." Yanzu dubi wannan: "Ta ce ba ta so. Audu ya zo." Kalmomin ba su canza ba. A ta farko zuwan Audu ake ƙi, a ta biyu kuwa wani abu daban ta ƙi, Audu kuma har ya iso. Ɗigo ɗaya ya juya labarin, kuma marubucin kaɗai ya san wanne yake nufi.

Sannan ga abin da masu wancan iƙirari ba sa faɗa. Umarnin gyaran fasali na Google Docs da Turanci kaɗai yake aiki, shi ma sai harshen asusunka da na takardar duk sun kasance Turanci. Ke nan mai rubutun Hausa aikin tsara shafinsa yana nan yana jiransa: sakin layi, alamar zancen wani, alamar tambaya, manyan baƙaƙe a farkon sunaye. Ga kuma matsalolin da suka keɓanci harshenmu. Dole ka duba ko ta rubuta "ƙafa" ko "kafa", "baƙi" ko "baki", "ɓari" ko "bari". Dole ka duba rabuwar kalmomi, domin "ba shi" daban, "bashi" daban. Masana sun zauna a Bamako a 1966, suka sake zama a Yamai a 1980, don daidaita wannan rubutu. Ba daidai ba ne mu zubar da wahalarsu saboda ƙyuyar sake karanta shafi biyu.

Wasu sun ɓullo da dabara: suna furta kalmar "aya" a ƙarshen kowace jimla, daga baya su danna Ctrl+H su musanya ta da ɗigo gaba ɗaya. Dabarar ba laifi, sai dai wanda ya yi ta da gaggawa zai tarar "baya" da "kaya" da "waya" da "ɗaya" duk sun gutsure, tunda kowacce tana ɗauke da waɗannan baƙaƙe uku. In za ka yi, zaɓi kalmar da ba za ta taɓa fitowa cikin labarinka ba. Ko a nan ma, sai wanda ya san inda jimla take ƙarewa zai furta ta a muhallinta.

Hanya mafi aminci ita ce ka faɗi jimla ɗaya ko biyu, ka tsaya, ka sa alama da yatsa, ka ci gaba. In ka gama babi, ka karanta shi a fili. Duk inda numfashinka ya yanke babu alama, ko ka rasa wa ke magana tsakanin taurarinka, nan gyara yake.

Abin da ke cikin hatsari ba ƙarami ba ne. Mai karatu da ya buɗe labari a WhatsApp ko Wattpad ya ga dunƙulen rubutu babu aya babu sakin layi, wucewa zai yi, komai daɗin jigon. Alƙalin gasa da editan littafi ma haka. Bugu da ƙari, waɗannan na'urori daga rubutun da mutane ke zubawa suke koyon harshe. In muka cika intanet da gurɓatacciyar Hausa, ita za su dawo mana da ita, 'yan baya kuma su ɗauka daidai ce.

Don haka ka yi amfani da muryarka yadda kake so, amma kada ka tura abin da idonka bai bi layi-layi ba. Sunanka ne a ƙasan labarin, kai za a tuhuma. Allah ya ƙara mana basira.