GADO DABAN, ƘADDARA DABAN: DARASI DAGA KALMA ƊAYA

Duk shekara, idan muna shirya 'yan aji shida domin jarrabawar WAEC, akwai wata doguwar kalmar Turanci da ke kayar da yara da yawa, wato predisposition. In muka ce a fassara, wasu su rubuta "ƙaddara", wasu su rubuta "gado". A ganinmu duka biyun ba su dace ba, kuma asarar ta wuce ta maki biyu a takarda.

Bari mu fara da ginin kalmar. Ɗafa-goshin pre yana nufin "tun da fari", disposition kuwa shi ne inda halin mutum ko jikinsa ya karkata. Kalmar suna ce. A cikin jimla to ko towards ke bin ta, sa'an nan a ambaci abin da aka karkata gare shi, misali a predisposition to asthma. In mutum ake siffantawa, sai a ce he is predisposed to anger. Wanda ya rubuta predisposition of asthma ya yi kuskure. An fi jin ta a bakin likitoci da masu nazarin halayyar ɗan Adam. Abin lura shi ne, kalmar ba ta ce abu ya faru ba, ba ta kuma ce lalle sai ya faru ba. Cewa ta yi hanyarsa a buɗe take.

Manomi ya fi kowa gane wannan. A ƙasar Bichi da Dambatta da Kunci gona na manne da gona, ana nomanta kowace damina ba hutu. Ƙasar da ta gaji ita ƙuduji ke so. Amma iyayenmu ba sa naɗe hannu su ce ƙaddarar gonar ke nan. Sukan kai taki tun da rani, su shuka wake tsakanin gero da dawa, su tuge ƙudujin kafin ya zubar da iri. Gona biyu masu iyaka ɗaya, wannan ta cika rumbu, waccan ta ba da kara.

Haka jikin mutum yake. Wanda iyayensa ke da hawan jini ko ciwon sukari ya fi wani kusa da su, amma rage gishiri da zaƙi, motsa jiki da zuwa awo suna taimako ƙwarai. Sikila kuwa daban ce, ita cutar kanta ake gada. In masu jinin AS biyu suka yi aure, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Shi ya sa muke goyon bayan gwaji kafin aure, wanda Jihar Kano ta mai da shi doka a 2024.

To, ya ku ɗalibai, ga inda muka nufa. Sau nawa muka ji yaro ya ce, "Mu a gidanmu ba a iya lissafi," ko "Zafin rai gadonmu ne," ko "Babana mashayi ne, ni ma haka zan ƙare"? Ba mu musa cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. Gida yakan karkatar da mutum. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ku kuwa ɗanyu ne. Littafin Ezekiyel sura 18 ya koya mana cewa kowa da alhakin kansa, ba a ɗora wa ɗa laifin ubansa.

Mu malamai da iyaye da shugabannin ikilisiya ma sai mu yi hattara. Kada mu yanke wa yaro hukunci saboda gidan da ya fito. Wanda aka riƙa ce masa "irin ubanka", wata rana zai gaskata.

Saboda haka ku koyi kalmar nan, ku sa ta daidai a jimla, ku kuma san rauninku tun da wuri domin ku kai masa taki. Ubangiji ya taimake mu duka. Amin.