Hannun da ba ya jin wuta

A wani gidan suna a Aboabo, nan Kumasi, na ga gwaggona ta sa yatsu ta ɗauke garwashin da ya faɗo daga murhu, ta mayar da shi ƙarƙashin tukunya ba tare da ta ko yamutsa fuska ba. Mata suka yi shewa. Wani dattijo ya ce irin waɗannan matan sun ƙare, 'yan matan yanzu ko murfin tukunya sai da tsumma. Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai bayan wata biyu na ji cewa shekara uku ke nan ba ta iya jan tasbaha daidai, domin ba ta jin ƙwayar tana wucewa tsakanin babban yatsa da manuni. Abin da muka tafa wa ran nan cuta ce.

Wannan yabon nake ƙara a gabanku, 'yan'uwana mazauna zango. Mun ɗauki mutuwar hannu mun sa mata sunan juriya, har muna goranta wa 'ya'yanmu da ita.

Ku dubi abin da hannun macen zango yake yi kafin rana ta fito. Mai koko ta tace gasara, ta dama babbar tukunya. Mai ƙosai ta surfa wake, ta buga ƙullu har ya tashi. Mai tuwon zafi tana tuƙi da muciyar da namiji ƙato zai sauke bayan minti biyar. Ga dakan fura, ga matsar wanki, ga kitso na awa huɗu a zaune. Duk ƙasar Gana tana cin abincin nan da sunayen da muka raɗa masa, daga wace har koko, muna kuma alfahari da haka a kowane taro. Amma ban taɓa jin an tashi a taro an tambayi halin da wuyan hannun da ya dafa shi yake ciki ba.

A wuyan hannu akwai wata ƙuntatacciyar hanya tsakanin ƙasusuwa da wani tauri da ya rufe su. Ta cikinta igiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu suke bi, tare da jijiya guda mai kai saƙon taɓawa daga babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin yatsan zobe. Idan aka shekara ana damƙa da ƙarfi ana murɗawa, wurin yakan kumbura ya matse jijiyar. Alamar farko da dare take zuwa: mace ta farka yatsunta sun sage, suna tsira kamar ta taɓa minjirya, ta yi ta yarfa hannu kafin barci ya dawo. Ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa lau, don jijiyarsa daban ce. Daga nan sai kofi ya riƙa suɓucewa, allura ta gagara ɗauka, tsintar tsakuwa a shinkafa ta zama aiki. In an daɗe, tsokar gindin babban yatsa ta zube, kuma abin da ya kai nan ba lallai ne ya dawo duka ba. Ciwon ya fi kama mata, juna biyu da ciwon sukari suna ƙara shi. Akwai kuma wanda yake saukowa daga wuya zuwa kafaɗa har yatsu, kuma mai ɗaukar tire ko kaya a ka shekara da shekaru ta san shi sarai.

Na san za a ce kanta ce kawai, fatar da ta saba da wuta. Gaskiya ne akwai kanta. Amma kanta ba ta tashin mutum ƙarfe biyun dare, ba ta kuma sa canji ya zube daga hannun mai talla ba ta sani ba.

Me muke cewa in ta yi ƙorafi? Sanyi ne. Wannan kalma ta sanyi ta haɗiye cututtukan mata da yawa a zangunanmu. Wani ya ce tsufa, alhali matar ba ta cika arba'in ba. Wata ta ce jifa aka yi mata saboda cinikinta ya fi na maƙwabciya. Sai a aiki yaro kemis ya sayo man zafi da ƙwayoyin kashe ciwo, ta sha da asuba cikinta babu komai, ta koma bakin murhu. Ƙwayoyin nan ba sa buɗe hanyar da ta matse. In aka dawwama a kan wasunsu, ciki da ƙoda ne suke biya. Ta fita neman sauƙin hannu, ta dawo da gyambon ciki.

Abin takaicin shi ne maganin farko ba wani abin a zo a gani ba ne. Akwai ɗaurin da yake riƙe wuyan hannu a miƙe cikin dare. Akwai allurar da likita yake yi a wurin. In ya yi nisa, akwai 'yar tiyatar da ake sassauta abin da ya matse jijiyar. Tun 2003 aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, kuma asibitin Komfo Anokye ba ya wata duniya daga Asawase ko Sabon Zango. Abin da ya hana ta zuwa shi ne ranar da ta rufe tukunya, ranar babu kuɗin cefane, babu kuɗin makarantar yara, babu zubin adashi. Mu da muke ci daga tukunyar mun san haka, shi ya sa kalmar sanyi take yi mana daɗin ji.

A nan ne maza ya kamata mu sunkuyar da kai. Magidanci zai sauya waya sau biyu a shekara, amma in an ce a kai gero nikanika sai ya ce furar inji ba ta da garɗi, shi ta turmi ya saba. To, ga taɓarya. Samarinmu majiya ƙarfi suna zaune a dandali suna musun ƙwallo, uwarsu tana ɗaga tukunyar da ta kai nauyin yaro, wai aikin mata ne. Matan ma ba su kuɓuta ba. Uwar miji da ta ce da amarya raguwa don ta sa tsumma ta sauke tukunya, tana miƙa mata ciwon da ita kanta take kwana da shi.

Magajiyoyin unguwa suna iya tara kuɗin anko cikin mako guda. Su gwada tara kuɗin cefanen kwana uku ga 'yar'uwar da za ta je ganin likita. Limamai kuma, da suke yawan huɗuba a kan haƙurin mace, su ware Juma'a ɗaya su yi magana a kan haƙƙin jikinta.

Gwaggona ta je asibiti a ƙarshe, bayan 'yarta ta karɓi tukunyar na mako biyu. An gwada jininta aka tarar da sukari, wanda ba ta san da shi ba. Hannun hagu ya yi sauƙi da ɗauri. Na daman, likita ya ce an makara, sai dai a yi aiki a tsare abin da ya rage. Yanzu da hagu take jan tasbaha.